Gini Ɗari Biyu da Tamanin da Takwas

Mako uku ke nan da Shugaba ya ɗora wa Injiniya aikin da ba ta iya bayyana shi a gida ba tare da an yi mata dariya ba. A kamfaninsu na rubuta manhaja, duk lokacin da wani ya gyara ko da layi ɗaya ya tura shi rumbun da kowa yake ajiye aikinsa, na'urorin ɗakin baya sukan sake harhaɗa manhajar tun daga tushe, su gwada ta, ba tare da kowa ya sa hannu ba. Wannan suke kira gini. Aikinta shi ne ta auna wutar da kowane gini yake ci, ta kuma ƙiyasta hayaƙin da tashar lantarki ta fitar kafin a samu wutar.

Ta rubuta ɗan ma'auninta cikin natsuwa. Da zarar gini ya ƙare, sai ma'aunin ya rubuta sakamakon ya ajiye a rumbun, inda kowa zai gani. Amma alƙaluman da suka fito sun ɗaure mata kai. Ma'aikata goma sha ɗaya ne kacal, ga shi ana gini sama da ɗari uku a rana. Ranar Asabar, da ko mai shara bai leƙo ba, an yi ɗari biyu da tamanin da takwas. Lahadi ma haka, babu ragi babu ƙari. Ta duba wanda yake turowa, ta ga sunan na'ura kawai, sunan da duk ayyukan da ke tafiyar da kansu suke amfani da shi.

Shugaba bai tsaya a kan wannan ba. Ya ga jimilla, ya dafe kai, ya ga kuma kashi biyu cikin uku na kowane gini yana tafiya ne a gwaje-gwajen Dattijo, mai gwajin da ya shekara goma sha biyu yana tara su ɗaya bayan ɗaya har suka kai ɗari huɗu.

"Ranar Litinin za a goge su," in ji Shugaba a taron ma'aikata. "Ga rahoton Injiniya nan, ba ni na faɗa ba."

"Ranka ya daɗe, rahoton bai kammala ba," in ji ta.

"Akwai ƙarya a cikinsa?"

"A'a, sai dai ban fahimce shi ba."

Dattijo ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "'Yata, ni dai ranar Asabar ina gida ina gyaran famfo. In gwaje-gwajena sun fara zuwa aiki ba tare da ni ba, a ba su kujerata."

Aka yi dariya, ban da ita.

Ranar Lahadi bayan la'asar tana zaune a falo da kwamfuta a cinya, tana sake bin lissafin a karo na bakwai. Baba yana gefe da na'urar awon jini ɗaure a damtse, Umma tana ninke wanki.

"Auta, wai har yanzu hayaƙin nan ne?" in ji Umma. "Na je ofishinku, ko ashana ban ga an ƙyasta ba."

"Hayaƙin yana can tashar wuta, Umma."

"To ki je can ki auna mana."

Na'urar Baba ta yi ƙara. Ya duba, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ɓata rai, ya sake danna ta.

"Malam, sau nawa ke nan?" in ji Umma.

"Ya hau ne. Dole in tabbatar."

"Ka gani ka rubuta, ka rubuta ka tsorata, ka tsorata ka sake aunawa. Tun azahar kake abu ɗaya. Cire abin nan ka sha ruwa, don Allah."

Injiniya ta ɗago kai. Ta dubi littafin Baba, ta dubi allon kwamfutarta. Minti biyar kowane gini yake ɗauka. Ta raba mintunan yini da dare gida biyar-biyar, ta samu ɗari biyu da tamanin da takwas. Ma'auninta yana ajiye sakamako a rumbun. Na'urorin suna ganin an taɓa rumbun, sai su fara sabon gini. Ginin ya ƙare, ma'aunin ya sake rubutawa.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali.

"Ya hau miki ke ma?" in ji Baba.

Da safiyar Litinin ta yi addu'ar fita, ta riga kowa isa ofis. Ta san za ta iya gyara abin shiru, alƙaluma su sauka bayan an goge gwaje-gwajen, kowa ya ce maganin Shugaba ne ya yi aiki. Ta daɗe tana kallon kujerar Dattijo da ɗan matashin da yake jingina bayansa da shi. Da Shugaba ya shigo, ta bi shi ofishinsa, ta roƙi a kira Dattijo.

Sau biyu ta yi bayani. Shugaba ya saurara baki buɗe.

"Tsaya. Wane ne ya ci wutar?"

"Mafi yawanta, ma'aunina ne."

"Abin da na ce ki auna wutar da shi?"

"Shi, ranka ya daɗe."

"To yanzu rahoton gaskiya ne ko kuwa?"

"Wutar an ci ta da gaske. Sai dai da ban auna ba, da ba a ci ba."

Shugaba ya dubi Dattijo kamar mai neman agaji. Dattijo ya buɗe hannuwa. "Ni mai gwaji ne. Da an kawo mini shi tun farko, da na gwada."

"Kada a goge gwaje-gwajen," in ji Shugaba daga ƙarshe. "Ki sake awo na wata guda. Kuma hayaƙin mako ukun nan, a rubuta shi da sunanki."

Ta amsa da to. Ta koma teburinta, ta canza wa ma'aunin wurin ajiya, Dattijo yana tsaye a bayanta yana bin kowane layi da ido. Bayan minti biyar, fankokin na'urorin ɗakin baya suka lafa. Ma'aikata suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, wani ya tambaya ko wuta aka ɗauke.