Likkafanin Alu Mai Tsire

"Sharaɗi na biyar," in ji sakataren ƙungiyar unguwa, ya gyara zaman tabaraunshi, "duk wanda zai taɓa nama ranar Bikin Gashi sai ya kawo takardar asibiti cewa lafiyarshi lau. Ba takarda, ba tukuba."

Mahauta sun kai talatin a kan bencina ƙarƙashin dalbejiya, na cikin Dutsin-Ma da waɗanda suka zo daga Kurfi da Kuki. An riga an karanta masu sauran abin da ya zo tare da takardar izini. Likitan dabbobi zai duba dabba kafin yanka, ya buga wa nama hatimi bayan fiɗa. Kowace rumfa da ruwan wanke hannu. Izinin na yini ɗaya ne, daga ƙarfe goma zuwa la'asar, kuma naman da duba-gari ya ce ya juya, rami za a kai shi. Kowa zai sa farar riga da hula, wannan ne ma ya kawo Badamasi tela wurin, da tef a wuyanshi, yana bin mutane yana auna kafaɗa.

Sai Alhaji Zubair, mai fataucin shanu kuma shugaban kwamiti, ya miƙe da takardun asibiti a hannu. Ya zaro ɗaya ya ɗaga sama.

"Alu, kai taka ba ta yi ba. Likita ya ce tarin fuka ne. Ka yi haƙuri, ba za mu bari ka yi wa jama'a tari cikin nama ba."

Wanda ke zaune kusa da Alu ya ɗan matsa, na gaba da shi ma ya matsa. Alu ba ya karanta boko, yadda aka ba shi takardar a ninke haka ya miƙa ta, don haka tare da kowa ya ji abin da ke cikinta. Ya tashi a hankali ya kakkaɓe rigarshi.

"To, Alhaji. Allah ya sa a yi lafiya, a tashi lafiya."

Kai jama'a! Wai mutum da furfurarshi ba za a ja shi gefe ba? Bayan itacen nan taku biyar ne. Kuma wa ya kawo maganar bikin tun farko? Alu ne. Shi ya yi shekara biyu yana bin mahauta yana cewa a ware rana guda, kowa ya kawo tsirenshi da balangunshi da kilishinshi fili ɗaya, gari ya ci ya san hannun kowa. Da magana ta yi kyau sai Alhaji ya haye kujerar gaba. Badamasi ya tsaya da tef a hannu yana kallon bayan maƙwabcinshi har ya sha kwana. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, bai taɓa jin ya tsani mutum ba kamar yadda ya tsani Alhaji Zubair a wannan hantsin.

Washegari Alu ya hura wuta a tukubarshi ta bakin tasha kamar kullum. Ba wanda ya tsaya. Direbobin da suka saba yi mashi tsiya suna tsintar kitse a bakin faranti, daga nesa suka ɗaga hannu. Kwana uku yana komawa gida da tsirenshi a tsinke, a na huɗu bai fita ba. An sa shi kan magani a asibiti, ana ba shi yana sha, amma ciwon ya riga ya ci jiki, ga kuma zuciya ta karye. Cikin mako uku ya koma kamar sillen kara.

Ran nan Badamasi ya shiga duba shi, ya tarar da Ilu, ƙanen Alu da ke noma a Tamawa, zaune a bakin gado. Alu ya sa matarshi Mardiya ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin katifa. Farin alawayyo ne, sabo, har da ƙamshin kanti.

"Da hannuna na saye shi," in ji Alu, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ilu, ka shaida. In ta Allah ta kasance, a cikin wannan za a sa ni, kuma Badamasi ne zai ɗinka. Ba wani ba."

"Haba Alu, bar wannan magana."

"Karɓi dai. Kuma na ga idonka, kada ka riƙe Alhaji a rai. Tarin nan gaskiya ne, ba ƙage ya yi mani ba."

"Na ji gaskiya ne. A gaban mutum talatin ake faɗi?"

Alu ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Badamasi ya rungumi yadin ya fita, haƙoranshi a cije.

Ranar Asabar ɗin bikin, rana na ɓullowa, kuka ya tashi a bayan katanga. Badamasi ya ajiye kofin kunu ya yi salati. Kafin ya zagaya ya shiga, Ilu ya riga ya rufe wa yayanshi ido.

A lokacin an gama yanka a mayanka tun bayan sallar asuba: shanu bakwai, raguna da awaki ba adadi, kowace cinya da shuɗin hatimin likita. An kwashe nama zuwa filin ƙwallo, an jera rumfuna, an jibge itace. To mahautan garin nan suna da wata al'ada da suka gada: in ɗan'uwansu mahauci ya rasu, ba wanda zai hura wuta a tukuba sai an rufe shi da ƙasa. Labari na isa ga Sarkin Fawa ya ce a rufe nama da buhuna, kowa ya nufi gidan Alu. Ba wanda ya damu ƙwarai. Jana'iza ai ba ta cin lokaci, a yi wanka, a sa likkafani, a sallata, kafin tara an dawo.

Badamasi ya shiga shagonshi da ke jikin zaure, ya shimfiɗa alawayyo ya yanka, hawaye na ɗiga kan almakashi. Ya hau keke. Takwas saura ya gama, ya ninke tsaf, ya ɗauka zai fita. Yana kai hannu ga ƙofa ya ji muryar Alhaji Zubair a waje, yana magana da liman.

"Malam, don Allah a ɗan yi da jiki. Baƙi na hanya daga Katsina. A samu a kai shi a dawo, kada abin ya ɓata mana tsari."

Ya ɓata mana tsari! Wato ko mutuwar ma Alu bai iya ta a ranar da ta dace ba. Badamasi ya janye hannunshi daga ƙofar. Ya ɗaga tulin fararen rigunan da suka rage, ya cusa likkafanin a ƙasa, ya danna sakata, ya koma ya zauna.

Ƙarfe takwas da rabi aka buga ƙofa.

"Malam Badamasi, an gama wanka, kai ake jira."

"Ina kai. Allurar keke ta karye, da hannu nake yi."

Tara ta wuce. Zafin bazara ya fara sauka, kwanon shagon na ƙara. Ta ɓular taga yana hango mahauta zaune a inuwar katanga, suna duba agogo suna kallon juna. Ya ji Alhaji na cewa a aika kasuwa a sayo wani yadi, a kai wa wani tela, minti ashirin an gama. Ya ji Ilu ya ɗaga murya.

"Ba za a yi ba! A gabana ya yi wasiyya. Kun hana shi tukuba, yanzu kuma ku hana shi likkafanin da ya saya da hannunshi?"

Ƙarfe goma liman da kanshi ya zo bakin ƙofa.

"Badamasi, ka ji tsoron Allah. Ba a ajiye mamaci haka. Buɗe a taya ka."

"Saura kaɗan, Malam. Ni kaɗai ya ce."

Ba ya ɗinkin komai. Zaune yake, hannu a kan gwiwa, zufa na bin bayanshi. Kuma in za a faɗi gaskiya, daɗi yake ji, irin daɗin da mutum ke ji in ya sosa ƙurji har ya yi jini. Daga nesa lasifikar filin ƙwallo ta yi gwaji ta yi shiru. Motocin baƙi suka wuce ta bakin layi, can an jima suka sake wucewa.

Sha ɗaya da wani abu Alhaji Zubair ya dafa ƙofar da tafin hannu, ya sassauta murya.

"Malam Badamasi, ni ne. Shanu bakwai ne a ƙasa cikin ranar nan. Izinin yau kaɗai ne, ba a sabuntawa. Don girman Allah."

"Matsa baya, Alhaji," in ji Badamasi daga ciki. "Na daɗe ina shiga ɗakin Alu. Kada in yi maka tari."

Wani a cikin mahauta ya yi tsaki, wani ya ce "Subhanallahi." Alhaji ya janye hannunshi daga ƙofar ya koma.

Sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin katanga sannan Badamasi ya zare sakata, ya fito da likkafani a kan hannu biyu. Liman ya karɓa bai dube shi ba. Kafin a gama shiryawa an kira azahar, aka yi salla, aka sallaci gawa, aka ɗauka. Maƙabarta da nisa, ƙasa kuma ta bushe ƙam. Da aka juyo, uku ta wuce.

Badamasi bai koma gida ba, ya bi ayarin mahauta zuwa filin ƙwallo. Yana so ya gani da idonshi. Kujerun baƙi ba kowa, iska ta kayar da rabinsu. Malam Mutawakkil duba-gari na bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga buhu, ƙudaje su tashi buu, ya danna nama da yatsa, ya sunsuna, ya girgiza kai. Mutum ne mai sanyin hali, har haƙuri yake ba su.

"Awa tara cikin wannan zafi, ba ƙanƙara, ba wuta. Ya juya. Ba zan iya sa hannu ba, ku yi haƙuri."

Aka kawo jarkar kananzir, aka fara haƙa rami a bayan raga. Alhaji Zubair na tsaye a tsakiyar fili da babbar riga mai aiki har ciki, takardar izini a hannunshi ta jiƙe da gumi. Badamasi ya taka har gabanshi.

"Sannu, Alhaji. Doka ce, ka yi haƙuri. Ba za a bari jama'a su ci abin da zai cuce su ba."

Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Wallahi sanyin daɗi ya ratsa Badamasi har ƙafa. A hanyar fita ya wuce Yero, wani tsohon mahauci daga Kurfi, aminin Alu, wanda ɗazu ya shiga kabari ya karɓi gawar. Yana tsugune gaban namanshi yana kallon yadda ake zuba mashi kananzir. Badamasi ya kau da kai ya ƙara sauri.

Bayan la'asar ya shiga gidan makoki yi wa Mardiya gaisuwa. Ya tsaya daga bakin ɗaki, labule a sake tsakaninsu.

"Maman Inno, ya haƙuri? Allah ya jiƙanshi, ya sa ya huta."

Da ta yi magana, muryarta a dishe take, ba kuka a ciki.

"Malam Badamasi, shekara ashirin da biyu ina jin kekenka ta katangar nan. Na san ƙarar allura in ta karye, na san ƙarar aiki in ya ƙare. Yau takwas saura ka gama."

Ta ci gaba daga bayan labule.

"Ni na zauna da shi. Ba wuta, ba fanka. Na yi mashi fifita da wannan hannun har ya sage, na koma wancan. Turaren gidan nan duka ya ƙare, na aika maƙwabta. Mata na shigowa suna toshe hanci da mayafi, suna yi kamar kuka suke sharewa. Mutumin da ko warin hayaƙi bai yarda ya kwana a jikinshi ba."

"Don shi na yi," in ji Badamasi. "Kin san abin da Alhaji ya yi mashi."

"Na sani. Da Alhaji ya kunyata shi, tashi ya yi ya kakkaɓe riga ya taho gida. Yau fa? Ta ina zai tashi?"

Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu, ko da zagi ne. Ba ta ƙara ba. Ya ji ta tana amsa gaisuwar wata mata da ta shigo, kamar ba kowa a bakin ƙofa.

Da ya koma gida, matarshi Fiddausi ta riga ta tuƙa tuwon gidan makoki, kamar yadda maƙwabta ke yi, ta kai da kanta a babbar samira. Badamasi na zaune a gefen tabarma yana alwalar magariba Ilu ya shigo ba sallama, ya dire samirar a tsakar gida, ya juya ya fita. Fiddausi ta leƙo daga madafa, ta dubi samirar, ta dubi mijinta, ta koma ciki.

Murfin na nan yadda ta rufe shi, da ɗaurin tsumman da ta yi. Kaji biyu suka zo suka zagaya ta, suka tsattsagi gefe, suka wuce akurki.