Karya Shi!

Bakina ne ya jawo, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni Shehu, shekara tara ina koyar da ƙwallon kwando a Samaru, sai samarin Sabon Gari suka roƙe ni in riƙe musu ƙungiyarsu a wasa ɗaya tak da za su kara da 'yan Samaru. Ranar masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo, kuma kowa ya san wanda suka zo gani: Ameer, ɗan yayata Hafsatu, wanda ni na koya masa riƙe ƙwallo. Shi yana ɓangaren Samaru, ni ina ɓangaren da zai hana shi ci. Da ma na ƙi!

Ameer siriri ne, amma kar ka raina shi. Ƙarfinsa a cinya da ƙugu yake. Kullum sai ya yi tsallen igiya, ya yi tsugunne ɗari, ya miƙe jijiyoyinsa har goshinsa ya taɓa gwiwa. Shi ya sa in ya karkata hagu, kafin ka ɗaga ƙafa ya wuce ka ta dama.

Wanda na sa ya tsare shi kuwa Iyke ne, mai sauke injinan janareta a unguwar PZ, ƙirji kamar ƙofar shago. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, sai dai ƙugunsa a sandare yake, juyawa ɗaya sai ka ce tirela a lungu. Kwana goma ina fama da shi ya bar ɗaga ƙarfe ya miƙe jiki, yana ce min wai shi ba ɗan rawa ba ne. To, ga rawa nan ta same shi.

Bayan la'asar aka fara, a filin siminti na wata makaranta. Ameer ya mai da Iyke abin dariya. Sau uku yana zille masa, a na ukun ƙaton ya zauna daɓas a ƙasa, 'yan kallo suka ɗauki shewa. Na ga idon Iyke ya kaɗa ya yi ja, amma ni ma raina a ɓace yake, ban kula ba.

Mu a Samaru in muka ce "karya shi", nufinmu ka yaudari mai tsaronka da ƙwallo har ƙafafunsa su harɗe, ya faɗi da kansa ba ka taɓa shi ba. Somto, ɗan wasanmu na Sabon Gari mai sauri, ya san haka, don a Samaru yake karatu. Iyke kuwa Hausarsa ta kasuwa ce, in ka ce karya, to karya ɗin ce.

Saura minti biyu, ƙwallo a hannun Somto, Ameer ya duƙa a gabansa yana tsaro. Na daka tsawa:

"Karya shi! Karya shi mana!"

Iyke, da ke bayan Ameer, ya waiwayo ya dube ni, ya gyaɗa kai. Wallahi na ga gyaɗa kan nan. Kafin in buɗe baki ya sheƙo a guje, ya zube nauyinsa duka a gefen gwiwar yaron. Ƙas! Kamar an karya rake. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, Ameer ya ƙwalla ƙara.

Daga nan fili ya hargitse. 'Yan Samaru suka rufe Iyke da duka, 'yan Sabon Gari suka shigo da kujeru da duwatsu. Iyke ya cilla mutum biyu gefe, amma juyawar nan da ba ya iyawa ita ta ci shi: wani ya zagayo ta baya ya fasa masa kwalba a ƙeya. Masu zaɓe suka faɗa motarsu suka gudu. Ina ciccibar Ameer sai na ji an riƙe min wando. Iyke ne a ƙasa, jini ya rufe masa ido ɗaya.

"Koci," ya ce, "kai ka ce in karya shi. Na yi abin da ka ce."

Na fizge ƙafata na wuce. Har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

A asibitin Shika likita ya ce Ameer zai yi tafiya in Allah ya so, amma ƙwallo a manta da ita. Yaya Hafsatu ta cakumi rigata tana kuka.

"Shehu, kana wurin! Wane la'ananne ne ya sa aka yi wa ɗana haka?"

Na zare hannunta daga rigata. Da ta fita sayo ruwa, Ameer ya buɗe ido.

"Kawu, na ji muryarka," ya ce. "Na san da Somto kake. Shi ya sa na kafa wa ƙwallon ido kamar yadda ka koya min, ban waiwaya ba."

Ya juya fuskarsa bango. Yaya ta dawo da ruwan, ta ajiye, ta sake tambayata.