Rogon Jezima a Gidan Pushpa

A layin su Jezima, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Kurunegala, kwano ba ya komawa gidan masu shi wayam. In maƙwabciya ta miƙo miki abinci ta kan katanga, sai ki wanke kwanon ki sa wani abu a ciki kafin ki mayar, ko da ayaba biyu ne. Iyaye sun ce wannan shi ne mutunci. Mai yiwuwa haka ne, a zamanin da kowa yake da ayaba biyu. Ba a taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi iyayen yadda za a yi ranar da babu ba.

Ranar kuwa ta zo. A shekarar da gas ɗin girki ya ɓace, fetur ya bi bayansa, shinkafa ta koma abin da ake aunawa da kofin shayi, mijin Jezima, direban keke mai ƙafa uku, ya fi daɗewa a layin gidan mai fiye da kan titi. Ita kuma ta huda wani tsohon gwangwanin fenti ta mai da shi murhu, tana hura ɓawon kwakwa a bakin ɗakinsu na haya, idanu jajur, mai gidan hayar yana ta ƙorafin an baƙanta masa bango.

Katanga ce kawai tsakaninta da Malama Kusuma, tsohuwar da ta koya wa rabin matan layin karatu, har da ita Jezimar. Mijin Malama ya rasu, ba su haihu ba, kuɗin fanshonta kuwa yanzu a maganin ciwon sukari yake ƙarewa. Duk da haka kowace safiya za ta fito share ƙofar gida cikin farin sari a goge, irin zanen da matan ƙasar suke naɗawa, kai a sama, kamar mai shirin shiga aji. Jezima ce ta lura cewa awarwaron hannun tsohuwar yana zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga tsintsiya. Ta kuma san abin da ke samun mai ciwon sukari in ta sha magani ciki babu komai. Haka mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba.

Sai ta fara miƙa kwano.

"Malama, ga ɗan rogo. Ya yi mana yawa."

"A bana ne abinci yake yi wa mutum yawa? Tun kina 'yar aji uku ba ki iya ƙarya ba, Jezima. Kawo."

Washegari kwanon zai dawo da miyar wake, ko kabewa da aka dafa da madarar kwakwa, da ɗuminta. Hankalin Jezima ya ɗan kwanta, tana ganin wadda take da kabewar bayarwa ai ba ta kwana da yunwa. Sai dai awarwaron bai fasa zamewa ba.

Wata rana da yamma ta kai wa Pushpa rigar mijinta a yi mata faci. Pushpa tela ce, gidanta ne a ɗaya gefen gidan Malama, kuma duk layin Akka ake ce mata, wato babbar yaya, saboda shekarunta da kuma bakinta da ba a ja da shi. Jezima ta same ta zaune kusa da keken ɗinki, kwano a cinya, tana ci.

"Zo ki ɗanɗana, uwar hayaƙi," in ji Pushpa. "Ki ji yadda masu ilimi suke dafa rogo, ba irin naku mai warin fenti ba."

Jezima ta leƙa kwanon. Rogo ne, an soya shi da albasa da barkono, an matsa lemun tsami. Amma yankan a karkace yake, siri-siri, irin wanda mahaifiyarta ta koya mata don ya yi saurin dahuwa. Ba mai irin wannan yankan a layin sai ita.

"Akka, wa ya ba ki wannan?"

"Malama mana. Ɗazu ta dawo min da kwanona."

"Me kika kai mata a ciki?"

"Kabewa, jiya. Kullum ina ɗan miƙa mata wani abu, kin ga dai yadda ta koma."

"Kabewa da madarar kwakwa, da tafarnuwa da yawa?"

Pushpa ta daina tauna.

"Mun cinye ta da rana," in ji Jezima. "Har maigidana yana cewa tsohuwar nan ta iya miya. Wannan kuma rogona ne, na jiya."

Abin ba shi da wuyar ganewa. Kwanon Jezima yana shiga ta dama, Malama ta sake soya abin da ke ciki ta juye a kwanon Pushpa. Na Pushpa ya shiga ta hagu, a ɗumama shi ya fita ta dama. Makonni ke nan matan biyu suna ciyar da juna ta cikin gidan tsohuwar, ita kuma rabonta wanke-wanke, da asarar 'yar albasarta da man da take ƙarawa don kada a gane.

Pushpa ta ture kwanon gefe ta miƙe. "Lallai. Mun mai da malamarmu gidan waya. Bari in je in same ta."

"Ki ce mata me, Akka? Mun gano ba ta da komai? Gobe ta rufe ƙofa, ko ruwa ba za ta ƙara karɓa daga hannunmu ba."

Pushpa ta yi tsaki ta koma ta zauna. Can ta ce, "To ai kwanon ne matsalar. A naɗe mata a ganyen ayaba, kamar ƙunshin matafiyi. Ganye dai ba a mayar da shi."

Haka aka yi. Jezima ta gasa ganye a bakin wuta ya yi laushi, ta zuba shinkafa da ɗan busasshen kifi, ta naɗe ta miƙa ta kan katanga. Malama ta juya ƙunshin a hannu ta daɗe tana dubansa.

"Tafiya zan yi ne?"

"Kwanukan ne duk ba a wanke ba, Malama."

"To."

Kafin rana ta faɗi ganyen ya dawo, a wanke, a goge, an linke shi tsaf kamar takardar jarrabawa. A cikinsa akwai ɗan ganyen shayi, rabinsa ƙurar gindin gwangwani. Jezima ta san abin da ƙurar take nufi: an kaɗe gwangwanin ne har ƙasa. Yau ko shayin safe ta raba tsohuwar da shi.

Ta zauna gaban murhunta na gwangwani tana fifita wuta, hayaƙi na shiga idonta, ta bar shi ya ɗauki laifin hawayen. Duk abin da ya haura katangar nan sai Malama ta biya shi, ko da za ta faɗi a tsakar ɗaki. Tana cikin fifitar ne hankalinta ya kai ga madafin bayan gidan Malama, da babban murhun ƙasa mai baki uku, wanda tsohuwar take hura baki ɗaya kawai, da tulin tsohon katakon da marigayi mijin Malama ya jibge a rumfa tun sanda ya sake rufin gida. Ba yau Jezima ta san da su ba. Ta ƙi tambaya ne kawai, don kada a ce ko wutar girki ta gagare ta.

Da safe ba ta miƙa komai ta kan katanga ba. Ta zagaya ta ƙofa, tukunya a kunkumi, Pushpa na biye da ita da kwakwa da rabin kabewa. Suka daɗe suna bugawa. Da Malama ta buɗe, tana dafe da jikin ƙofar, gumi a goshi, sarin jiya ne a jikinta.

"Malama, alfarma muka zo nema," in ji Jezima. "Mai gidan haya ya ce in na ƙara hura wuta a bakin ɗaki zai watso mana kaya waje. Akka kuma kananzirinta ya ƙare."

"Ki ara mana murhu," in ji Pushpa, "ko mu ci ɗanyen rogo mu mutu a ƙofarki, a ce ɗalibanki ne."

Malama ta dube su ta saman tabarau, ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Tun yaushe kike turnuƙe min shanya da hayaƙin fenti, katako na nan a jibge gara na ci, kin kasa buɗe baki? Girman kai ne zai kashe ki, yarinyar nan."

"Haka ne, Malama."

"Kuma baki kuka haɗa, ku biyun. Kada ku ɗauka ban gani ba."

"Wa ya ce ba ki gani ba?" in ji Pushpa. "Matsa mu wuce, kabewar nan da nauyi."

A madafin, Jezima ta ga gwangwanayen shinkafa da sukari da shayi a jere a kan kantar bango, kowanne a wanke a kife. Ta kau da kai ta shiga jera katako. Malama ta zauna a kan 'yar kujera tana ba da umarni: a rage wutar can, a wanke shinkafar da kyau, wa ya koya wa Pushpa kankare kwakwa haka. Baki ukun murhun suka kama gaba ɗaya.

Da abinci ya dahu, Jezima ta miƙa hannu kan kantar ta ɗauko kwano, ta cika shi da shinkafa da kabewa da rogo, ta ɗora a cinyar tsohuwar.

"Ɗanɗana mana gishiri, Malama."

"Wannan ne ɗanɗano?"

"Harshenki ya tsufa," in ji Pushpa, ba ta ko juyo ba. "Cokali ɗaya ba zai ishe shi ya ji ba."

Malama ta dubi kwanon. Nata ne, mai shuɗin fure a baki, da 'yar tsaga a gefe. A madafinta aka dafa, da katakon mijinta. Ta juya shi a hankali kamar mai neman gidan da za a mayar da shi, ba ta samu ba. Sai ta sa hannu. Matan biyu kuwa suka duƙufa kan tukwanensu kamar akwai abin da zai ƙone.

Ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta miƙa wa Jezima kwanon wayam.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Gobe ku zo da wuri, ni zan sa da kaina."