Rawar Takalmi a Gidan Rediyo

Da yamma ne liƙis, ranar Lahadi, dusar ƙanƙara tana sauka a New York a hankali. Casimir Dudek yana zaune a benci a gidan rediyo, cikin masu jiran shiga gasar sababbin hannu, takalman rawarsa a cinya. Takalma ne masu ƙarfe a dunduniya da wajen yatsu, in ya taka su ke yin kiɗan. Wanda masu sauraro suka fi bugo wa waya, a ɗauke shi aikin wasa gari-gari. Wanda mai gabatarwa ya doka wa faifan tagulla kuwa, sai gida. Gida a wurin Casimir wani garin haƙar kwal ne a Pennsylvania, inda uwarsa da maƙwabta suka taru a shagon aski suna jira su ji shi.

Kusa da shi wani tsoho ne, Orval Tibbs, mai kiɗa da zarto, rungume da faffaɗan akwatin katako da yake ajiye zarton a ciki.

"Rawa a rediyo?" in ji tsohon. "Wa zai gan ka, samari? Sai dai ka rantse musu ka yi."

"Ji za su yi, baba. Kai da ka zo yanka itace fa?"

"Waƙa nake sa shi. Matata ma ta ce ya fi ni murya."

Aka shigar da su tare. Casimir ya sa takalmansa, ya ɗan taka ƙasa, ya ji shiru. Ashe an malale ɗakin da kafet mai kauri don kada a ji tafiyar mutane. Ya sake takawa, ko ƙwas. Shi tun tasowarsa a daɓen katakon zauren coci yake rawa, bai taɓa tunanin akwai daɓen da ba ya amsawa ba. Ya raɗa wa mai kula da makirufo, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya nuna jar fitila: an riga an fara.

Orval ne ya fara. Ya lanƙwasa zarton a gwiwa, ya goga masa izga kamar mai kiɗan goge, zarton ya yi ta kuka. Bai kai rabi ba faifan tagulla ya yi ƙara, 'yan kallo suka tuntsire da dariya.

Aka kira Casimir. Ya tsaya gaban makirufo. Mai piyano ya soma. Sai ya ji abu ya taɓa masa ƙafa. Akwatin ne, tsohon ya turo da ƙafarsa. Casimir ya hau. Ƙwas ɗin farko ya cika ɗakin, ya ci gaba, mai gabatarwa ya ajiye sandarsa ta dukan faifan.

Da ya gama aka ja shi wajen masu amsa waya, bai ko waiwayo ba. Orval ya ɗauki akwatinsa, murfin duk ya lotsa. Ya goge shi da hannun kwat, ya mayar da zarton, ya fita cikin ƙanƙara.