Ƙuna a Aljihun Riga

Shekara huɗu Nasrullahi yana aikin akawu a Sule Tankarkar, kuma bai taɓa wanke rigarsa da hannunsa ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci yakan ɗaure rigunansa guda biyar a bayan babur ya taho Gumel, ya sauke su a rumfar yayansa Cindo, ranar Lahadi da la'asar ya kwashe su.

Cindo mai wanki da guga ne a bayan kasuwar hatsi. Shi ya riƙe Nasrullahi tun rasuwar mahaifinsu, da wannan sana'ar ya kai shi har ya gama makaranta. Rigunan duk shat ne na auduga, masu saurin yamutsewa, shi ya sa Cindo ba ya haɗa su da kayan kowa. Da ruwan sanyi yake wanke su, ba ya murɗe su wajen matsa, sai ya kaɗe kowace sau biyu ya shanya a inuwar darbejiya. Tun da sauran danshi yake kwashewa. Ya fara da kwala, ya bi hannuwa, sannan jiki, da dutsen guga na gawayi wanda mariƙinsa ya yi santsi don tsufa. A ofis har tambayar Nasrullahi ake yi ko Kano yake kai wanki.

Wata Litinin shugabanni za su zo duba ma'aikata, ana kuma raɗe-raɗin ƙarin girma. Nasrullahi ya ɗauko farar rigarsa da ya fi so, ya warware ta, sai ga ƙuna a bakin aljihu, ramin garwashi kamar ƙwayar gero, gefensa ya yi ja. Ya saka wata. Ita ma ya tarar an yi mata karin guga biyu a hannu ɗaya. Haka ya tsaya gaban baƙin yana ɓoye hannu a baya. Ba wanda ya ce masa komai game da riga, amma da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma suka fito babu nasa, sai ya ɗora abin a kanta.

Ranar Juma'ar ya zo rumfar ba tare da ƙunshin wanki ba, farar rigar kawai ya riƙo. Akwai mutum biyu zaune a benci suna jiran kayansu. A gabansu ya shimfiɗa ta a kan tebur.

"Yaya, in ka gaji da yi min, ai sai ka faɗa. Ba sai ka kunyata ni ba."

Cindo ya ɗaga rigar ya kai ta kusa da fuskarsa, ya juya ta wajen haske, daga baya ya bi aljihun da yatsa har ya sami ramin. Ya ce a yi haƙuri, bai gani ba. Nasrullahi ya ɗauka magana ce irin ta mai neman kare kai. Ya ce daga yau zai riƙa kai wa masu dutsen lantarki a bakin tasha, ya hau babur ya tafi.

Bai daina gaisuwa ba. Yakan kira a waya, da salla ma ya je gida. Amma rumfar ce bai ƙara takawa ba, kusan wata goma. Rigunansa suka riƙa dawowa daga bakin tasha da ƙyalli a kwala, maɓalli a fashe, bai kuwa taɓa yi wa masu shagon faɗa ba.

Mansura, babbar 'yar Cindo da ke aure a Gagarawa, ita ta same shi a ofis wata Laraba. Ta gaya masa Baba ya rufe rumfa tun watan jiya, don ya ƙona hannu sau biyu. Ta ce tun bara idonsa na hagu ya tafi, na dama kuma gefe-gefe yake rufewa. Ya sallami masu kawo manyan kaya da yawa tun a lokacin, ya bar na mutum kaɗan da zai iya bi da lalube. Ya hana kowa ya faɗa wa Kawu Nasrullahi, wai yana fama da neman ƙarin girma, kada a ɗora masa wata damuwa.

Washegari Nasrullahi ya nemi izini a ofis ya ɗauki Cindo zuwa asibitin ido. Likitan ya daɗe yana haskawa. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage da maganin ɗigawa. Sannan ya tambaya me ya sa ba a kawo shi tun bara ba. Cindo ya ce laifinsa ne, shi ya ɓoye. Nasrullahi ya tuna ranar da ya kai masa farar rigar. Ranar nan a rumfa yana tsaye yana kallo yayansa ya nemi rami da yatsa, da rana tsaka.

A mota suna dawowa Nasrullahi ya roƙi gafara. Cindo ya lalubo gwiwarsa ya dafa.

"Ni ban riƙe ka ba. Abin da ya dame ni kawai, ka daina zuwa. Juma'a takan yi min tsawo."

Yanzu Cindo yana Gagarawa wajen Mansura, a ɗakin da mijinta ya gyara masa kusa da zaure. Yana bambance haske da duhu, yana gane mutum in ya matso sosai. Nasrullahi ya nemi a mayar da shi aiki can, sau biyu yana rubutawa, har yau ba a amsa ba. Duk wata shi yake kawo maganin, ya kwantar da kan yayansa a cinyarsa ya ɗiga masa da kansa, ko da yake Mansura ta fi shi iyawa.