Indararo Na Biyu

Rilwanu magini ya yi kwana tara a Kalgo yana tayar da ɗakunan da ruwan wata Laraba ya kayar. Ɗaki goma sha ɗaya ya duba, kuma duk ciwonsu ɗaya. Ruwa ya sauko da yawa a lokaci guda, indararo ɗaya ya kasa kwashe shi, sai ya taru a kan soro kamar tafki. Ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta karye.

Ɗaya daga cikin masu gidajen, wani ma'aikacin jami'a, ya ce masa ruwan ranar ya kai wanda a da ake yi a sati uku. Ya ƙara da dogon bayani a kan ɗumamar duniya da hayaƙin masana'antu. Rilwanu bai riƙe bayanin duka ba. Abin da ya gane shi ne ƙa'idar da ya gada wurin ubansa, ɗaki ɗaya indararo ɗaya, ta daina aiki.

Da motar Gwandu ta sauke shi, bai biya gidansa ba. Ya wuce gidan ubansu, inda yayarsa Hadijatu ke zaune tun da mijinta ya rasu. Soron da take kwana a ciki ubansu ne ya gina shi da hannunsa. Ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale.

"Adda, ina tsanin nan? Zan hau ɗakinki."

"Ko gaisuwa babu? Haka ake yi a Kalgo?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya hau. A jikin rawanin soron, ɗan bangon da ya kewaye rufin, akwai layin da ruwa ya bari inda ya tsaya, tsawon yatsu huɗu daga ɗaɓe. Ya sauko ya shiga ɗakin, ya miƙa hannu ya taɓa azarar da ke saman gadonta. Da sanyi a jikinta.

"Ki bari in kware shi in sa miki kwano."

"Ka sa ni a tanda ke nan. Ka manta zafin bazara? Lami ta gidan liman ƙarƙashin kwano take kwana, a sume aka fitar da ita. Ni ga hawan jini."

Gaskiyarta ce, kuma ya sani. A bazarar da ta wuce, masu ɗakin kwano a ɗakinta suke zuwa fakewa da rana.

"To ki koma ɗakin Hauwa har damina ta wuce."

"In kwana ɗakin matar ƙanena? Kai kuma ka kwana ina, bisa bishiya?"

Abin da ya rage shi ne a ƙara indararo. Sai dai gangaren rufin arewa ya nufa, kuma bangon arewa shi ne iyakarsu da Malam Sambo. Kusurwa ɗaya ce kawai ke zuba a tsakar gidan Hadijatu, can tsohon indararon yake. In ya ce zai juya gangaren, sai ya ƙara ƙasa a sama, tsohuwar azara kuwa ba za ta ɗauka ba. Indararo na biyu dole ya zuba a tsakar gidan Sambo.

A unguwarsu ba a juya wa maƙwabci indararo. Wanda ya zubo maka ruwan soronsa kamar ya watso maka shara ne. Akwai gidajen da suka shekara goma ba sa gaisawa a kan haka.

Bayan azahar ya sami Sambo a majalisa, ƙarƙashin dogon yaro, tare da Abu mahauci da wasu mutum uku. Rediyo na gefe tana magana. Rilwanu ya gaisa da kowa, ya zauna, ya faɗi abin da ya gani a Kalgo da alfarmar da ya zo nema.

Abu ya ce, "Magini ya tahi Kalgo ya dawo da digiri."

Aka yi dariya. Sambo bai yi ba. Mutum ne mai sanyin magana, tsohon mai awon hatsi.

"Rilwanu, shekara nawa wanga ɗaki yana tsaye?"

"Ya wuce hamsin."

"Ya taɓa faɗuwa?"

"A'a."

"To."

"Malam, ruwan yanzu ba irin na da ba ne. A da yakan yini yana yayyafi. Yanzu sai a yi sati uku babu, rana ɗaya kuma a juye shi duka."

"Tun ina yaro kowace shekara ake cewa ba a taɓa ganin irin ta bana ba. Ruwa rahama ne. Ka ƙara makuba, ka bar wa Allah sauran." Ya gyara zama. "Kuma in na bar ka, gobe Usman na gabas ya juyo mini nashi. Sai in nemi kwalekwale."

A rediyon wata mata na karanta gargaɗin ruwa mai ƙarfi a cikin makon. Abu ya murɗa ta zuwa inda ake hirar ƙwallo. Rilwanu ya yi sallama ya tashi.

Kwana biyu ya yi a kan soron. Ya toshe tsaga, ya shafe ɗaɓen da makuba don kada ruwa ya ratsa, ya faɗaɗa bakin tsohon indararon iyakar abin da bango zai jure. Ya san bai isa ba. Kowace yamma hadari na haɗuwa daga gabas, ya yi baƙi, ya watse. Hadijatu kuwa tana harkokinta. Abin da ya dame ta shi ne ƙurar da yake zubo mata a kan shanya.

A rana ta uku Binta, matar Sambo, ta shigo aron rariya. Ta ɗaga kai ta gan shi.

"Malam Rilwanu, wai gaskiya ne ruwan sama kake neman inda za ka zubar?"

"Haka ne."

"Ikon Allah. Ni kuma in hadari ya taso sai in jera bokitai a fili ina tarar ɗigo. Namu indararon duk lungu suke zuba. Ruwan rijiyarmu ko kumfa ba ya yi, sabulu kawai yake ci." Ta juya ga Hadijatu. "Adda, ki ce ya sa shi ya sauka cikin durona."

Rilwanu ya ce, "Maigida ya hana."

"Tsakar gida ya hana. Duro nawa ne."

"Duron zai cika kafin ki ɗaura ɗankwali. Sauran ruwan fa?"

"Kai ne magini. Ka yi masa hanya."

"Sai na ji daga bakinsa."

Ta karɓi rariyarta ta fita. Bai san me aka yi a gidan Sambo ba. Washegari da suka fito daga masallaci, Sambo ya jira shi a bakin ƙofa yana neman takalminsa.

"Iyali na son ruwan wanki. Ka sa mata. Ka haƙa kwata daga gindin duron zuwa lungu, ka ɗaɓe ta, kada in ga laka a ƙofar ɗakina." Ya sa takalmin. "Ba don maganarka ta Kalgo ba, ka ji."

"Na ji, Malam. Allah ya saka da alheri."

Kafin rana ta take ya huda rawanin arewa, ya lanƙwasa kwano ya dasa, ya liƙe gefensa. Da yamma ya gama kwatar. Abu ya wuce ta lungu ya leƙo, ya tambaya ko gada ce za a yi a kai.

Ruwan ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. Iska ta fara, kaji suka shige, sai aka sake shi gaba ɗaya. Rilwanu ya tsaya a ƙofar ɗakin yayarsa. Ta ƙi fita, tana kan gado tana jan carbi, shi kuma idonsa na kan azarar da ke samanta. Tsohon indararon na feshi har tsakiyar gida. Ta bayan bango yana jin sabon na dukan duro, can sautin ya canza, duron ya cika. Azarar ta yi ƙara sau ɗaya, siririya. Rilwanu ya matsa kusa da gadon, inda hannunsa zai kai ga Hadijatu.

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Ya jingina tsani ya hau. Har yanzu akwai ruwa kwance a kan ɗaɓen, tsawon yatsu biyu, yana zurarewa ta indararon biyu a hankali.

Daga ƙasa Hadijatu ta ce, "Ya tsaya?"

"Ya tsaya."

"Ai na gaya maka. Ginin Baba ne."

Ta ɗaya gefen bangon, Sambo ya fito yana duba kwatarsa. Ya ɗago kai.

"Ka gani? Ruwa dai irin na kullum."

Rilwanu ya bi rawanin arewa yana auna shi da taƙi. Akwai wurin na uku, can ƙarshe, saitin madafar gidan Sambo. Watan Agusta ko kamawa bai yi ba.

Ya leƙa ta kan bangon. Binta na kwasar ruwa daga duro tana cika randa.

"Binta, kina da wani duron?"