Gutsattsarin Makiyayi

Shekara shida ina aiki a tashar da ke bayan garinmu, can cikin busasshen yankin nan na Karoo, inda tumaki suka fi mutane yawa. Tashar ta sojojin wata ƙasar waje ce. Suna da tauraron ɗan'adam da ba ƙasa yake kallo ba, sauran taurarin yake leƙe, da duk tarkacen da ke yawo a sama. Ni kuwa aikina in duba abin da ya aiko, in gano hanyar da kowane abu zai bi.

Wata Talata da hantsi na ga guntun tsohuwar roka, bai fi dunƙulen hannu ba, ya nufi Makiyayi. Saura kwana huɗu su haɗu.

Makiyayi ɗan ƙaramin tauraro ne namu na gida, mai nuna wa masu kiwo inda ciyawa ta rage lokacin fari. Oom Gawie Plaatjies, malamina na jami'a da muke ce wa Oom, wato kawu, shi da ɗalibansa suka shekara goma sha ɗaya suna haɗa shi. Ni ma na ƙona yatsu wurin liƙa wayoyinsa.

Na sami Kanar Whitlock, shugaban tashar, a ofis.

"Yallaɓai, waya ɗaya kawai ga masu Makiyayi. Su ɗan gusa da shi, shi ke nan."

"Marelise, abu kamar dunƙulen hannu? Muna faɗa, duniya ta san kaifin idonmu."

"To a ce musu zato ne."

"Zaton wa? Zan aika wa manya. Kin dai san takardar da kika sa wa hannu."

Na sani sarai. In na fitar da sirrin tashar, ɗauri ne, ga mahaifiyata kwance ba mai duba ta sai ni. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Ranar Asabar guntun ya daki Makiyayi. Izinin manya ya iso Litinin.

Bayan mako guda na tuƙa mota har gidan Oom Gawie. Na tarar da shi a bayan gida yana gasa haƙarƙarin tunkiya.

"A'a, 'yar leƙen asiri! Turawan naki sun sake ki? Jawo kujera."

Ya rame. Ya ce kwana tara yana kiran Makiyayi, shiru. "An ce batir ne. Ni na zaɓi batirin nan, 'yata. Ina kwana ina tashi da shi, a ina na yi kuskure?"

"Ba batir ba ne, Oom."

Ya ajiye abin juya naman, ya dube ni.

"Kun gani ke nan."

Na mai da ido kan naman. Ya sake tambaya.

"Kafin karon, ko bayansa?"

Na sunkuyar da kai. Kitse yana ɗiga a garwashi, ba wanda ya juya naman har gefe guda ya ƙone.

"Ashe na koyar da ke da kyau," in ji shi. "Ci abinci, hanya da nisa."

Bai sake ɗaga wayata ba.

A tasha kuwa aka ɗora mini aikin bin gutsattsarin. Guda sittin da uku ne, kowane na ba shi lamba, na tsara hanyarsa, don kada ya taɓa tauraronsu. Kanar ya yaba da aikin a gaban kowa, har aka yi mini tafi.